Injin Iska Mai Zafi: Juyawa Daban, Aiki Daban



Yau a filinmu na kimiyya da ƙere-ƙere, zancenmu a kan wani inji ne da ba shi da fulogi, ba shi da kafireta, ba shi da bawul, kuma ba a ɗura masa mai a ciki. Wutarsa a waje take ci, a ƙarƙashin gindinsa, ko ta kyandir, ko ta gawayi, ko ta kara, ko zafin rana da aka tattaro da madubi. Abin da ke cikinsa kuwa iska ce tsura, irin wadda ni da ku muke shaƙa, an kulle ta ba ta da hanyar fita. Shi ne injin iska mai zafi, wanda littattafan kimiyya suka fi sani da injin Stirling.

Na san wasunku masu manyan wayoyi sun taɓa cin karo da shi a bidiyo: gwangwani a kan kyandir, ɗan balan-balan yana hawa yana sauka, faifan CD yana ta wulwulawa, mai bidiyon kuma yana shelar wai an samu wutar lantarki kyauta, kowa ya huta da sayen fetur. To, juyin nan gaskiya ne, babu siddabaru a ciki, ɗan sakandare ma zai iya haɗa irinsa da hannunsa. Alkawarin wutar kyautar ne ba shi da tushe. Abin da nake so mu duba yau shi ne tazarar da ke tsakanin injin da ke juyawa da injin da ke yin aiki, da yadda mai ƙira a gida zai rage wannan tazara.

Mu fara daga tushe. Ku samu gorar roba wadda ba komai a cikinta, ku murɗe murfinta tam da sanyin asuba, ku ajiye ta a rana. Kafin azahar za ku taɓa ku ji ta yi tauri. Ku tsoma ta a ruwan randa, za ku ji ta saki. Iska in ta sha zafi buɗewa take nema, in an hana ta sai ta tokari bangon abin da ke riƙe da ita. In ta huce kuma sai ta tsuke. Masana sun auna abin. Iskar da aka kulle tana kan digiri 27 a ma'aunin Selsiyas, in aka ƙara mata digiri 30, matsinta zai ƙaru da kashi 10 cikin 100. In aka kai ta digiri 327, matsin ya ninka ke nan. Saboda haka a dumama iska ta tura fistin waje, a sanyaya ta fistin ya dawo, a yi ta maimaitawa, an samu inji.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauri. Ƙarfe ba ya ɗaukar zafi ya sake shi cikin ƙiftawar ido, don haka ba za ka yi ta ɗora gwangwani a wuta kana saukewa ba. Dabarar ita ce a bar gindin gwangwanin da zafi kullum, kansa kuma da sanyi kullum, iskar ce za a riƙa korawa daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a saka wani abu marar nauyi a ciki, wanda ya cika kamar kashi biyu cikin uku na tsawon gwangwanin, amma bai taɓa bangonsa ba. Mu kira shi makori. In makori ya yi sama, iska ba ta da wurin zama a sama, dole ta bi gefensa ta gangara gindi inda wuta take, ta buɗe, ta tura fistin. In makori ya sauko, sai ya koro iskar sama wurin sanyi, ta tsuke, iskar waje ta danno fistin ya koma. Makori ba ya ba da ƙarfi, aikinsa kai iska da kawo ta. Fistin ne ke karɓar ƙarfin ya miƙa wa sandar juyi.

Wanda ya tsara wannan dabara limamin coci ne a ƙasar Sikotland, sunansa Robert Stirling. A 1816 ya yi rajistar ƙirƙirarsa, yana matashin da bai wuce shekara 26 ba. Ana yawan cewa tausayin leburorin da tukwanen injin tururi ke fashewa suna hallakawa ne ya sa shi neman inji marar tukunya. Abin da ya fito fili a takardar rajistar dai shi ne neman tsimin makamashi, kuma a nan ne hikimarsa ta fi bayyana. Ya ce a saka tarin siraran ƙarafa a kan hanyar da iskar ke bi. In iska mai zafi za ta wuce zuwa gefen sanyi, sai ta bar wa ƙarafan nan wani ɓangare na zafinta. In ta juyo, ta karɓi ajiyarta kafin ta isa wurin wuta. Zafin da da ruwan sanyaya zai kwashe a banza, an sake cin moriyarsa. Wannan ma'ajiyar zafi ce ta bambanta injinsa da sauran injinan iska na zamaninsa.

A 1818 an kafa ɗaya yana jan ruwa a wata mahaƙar dutse a yankin Ayrshire. Daga baya shi da ƙanensa James, wanda yake injiniya ne, suka koma cusa wa injin iska mai matsi don ƙara masa ƙarfi, har a 1843 wani da suka ƙera mai ƙarfin doki wajen 45 ya riƙa tafiyar da injinan wata masana'antar narkar da ƙarfe a birnin Dundee. Amma cikin shekara huɗu sau uku gefen da ke shan wuta yana lalacewa, domin ƙarfen wancan zamani ba ya jure irin wannan zafi. Masu masana'anta suka gaji, suka koma wa injin tururi.

A Amurka ma an yi babban yunƙuri. John Ericsson, injiniya ɗan asalin Suwidin, ya saka wa wani jirgin ruwa injin iska mai zafi a 1853, faɗin silindarsa ƙafa 14, wato ya haura mita huɗu. Jirgin ya yi tafiya, amma tafiyar hawainiya, daga baya aka cire injin aka saka na tururi. Inda injin iska ya ci kasuwa da gaske shi ne ƙananan ayyuka. Kamfanin Rider-Ericsson ya sayar da dubban injinan jan ruwa zuwa tankunan gidaje da gonaki, saboda duk wanda ya iya hura wuta zai iya kula da su. A farkon ƙarni na 20 kuma an yi ta sayar da fanka mai aiki da fitilar kananzir a ƙasashe masu zafi inda lantarki bai kai ba. Ku riƙe wannan darasi, za mu dawo kansa: injin nan ya sha kaye a duk inda aka nemi ya yi gasar ƙarfi, ya kuma yi suna a inda ake son ɗan aiki na kullum, ba hayaniya.

To, yaya ake haɗa shi a gida? Kayan ba sa wuyar samu. Gwangwani mai tsayi shi ne silindar makori. Na ƙarfe, irin na madara ko na tumatir, ya fi na lemo jure wuta. Makori kuwa a naɗe soson ƙarfe mai laushi sakwa-sakwa, a ɗaure shi da siririyar waya, ya zama yana hawa yana sauka a cikin gwangwani da ratar milimita ɗaya zuwa biyu. Soson nan aiki biyu yake yi, yana korar iska, kuma iskar da ke ratsa shi tana ajiye zafi tana ɗauka, wato shi ne ma'ajiyar zafin da Stirling ya tsara. A rufe kan gwangwanin, a bar ɗan ƙanƙanen rami da zaren kamun kifi ko siririyar waya za ta bi ta ɗaga makori. Fistin kuma, mafi sauƙi shi ne a yanko wuyan balan-balan a shimfiɗa sauran a bakin wani ɗan bututu da ke haɗe da gwangwanin, kada a ja shi ya yi tauri, a bar shi da ɗan saki. Wanda ya samu sirinjin gilashi ya fi dacewa, domin yana zamewa ba gogayya kuma iska ba ta sacewa. Sandar juyi a lanƙwasa ta da wayar ƙafar keke, a maƙala mata tsofaffin faya-fayan CD biyu ko uku don su riƙe juyi. A ƙarshe a yi wa saman gwangwanin kewayen da za a zuba ruwan sanyi.

A lanƙwasar sandar nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Gwiwa biyu za a yi mata, ɗaya ta makori ɗaya ta fistin, kuma dole ta makori ta riga ta fistin da rubu'in juyi, wato digiri 90. Kamar lugude ne, kowace taɓarya da lokacin saukarta. In su biyun suka tafi tare, ƙarfin da iska ta bayar wajen tura fistin shi za a sake kashewa wajen mayar da shi, ba a ci ribar komai ba. Rubu'in juyin nan shi ke sa matsi ya yi yawa daidai lokacin da fistin ke fita, ya yi ƙasa daidai lokacin da yake komawa. Abin da ya rage tsakanin turawa da mayarwa shi ne ribar injin. Kuma a sani ba ya tashi da kansa. Sai an bar shi ya ɗauki zafi, sannan a murza faifan da yatsa, ta ɓangaren da makori ke gaba.

Yanzu an haɗa, an kunna kyandir, an murza, ya ƙi tashi. Kada a yi saurin ƙara wuta, domin da wuya laifin ya zama na wutar. Abu na farko da za a tuhuma shi ne sacewar iska. Matsin da ke cikin irin wannan inji ɗan kaɗan ne, ramin da bai kai bakin allura ba in ya samu ƙari biyu ko uku ya isa ya kashe shi. A shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, a hura, a duba inda kumfa ke tashi, yadda masu faci ke neman hujin taya. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a cire haɗin sandar juyi, a dumama gindin, a ja zaren makori sama da hannu. In balan-balan ya yi tsalle nan take, cikin injin lafiya lau. In ya yi luƙus, akwai inda iska ke bi.

Na biyu gogayya. Ba tare da wuta ba, a kwance haɗin fistin a murza faifai. Ya kamata ya daɗe yana juyi, ya tsaya a hankali. In ya tsaya cak, ko kullum wuri ɗaya yake komawa ya tsaya, to ko sandar ta karkace, ko makori na gugar bango, ko nauyinsa ya rinjayi gefe ɗaya. Maganin na ƙarshen shi ne a liƙa ɗan noti a faifai, a gefen da ke kishiyar nauyin. Kada a zuba baƙin mai ko giris, kaurinsu kaɗai ya fi ƙarfin injin. Garin bakin fensir ya wadatar.

Na uku shi ne zafin da ke satar hanya. Wuta na dukan gindi, zafi yana bin bangon gwangwani yana hawa, bayan 'yan mintoci sama da ƙasa sun kusa zama ɗaya, inji ya mutu. Wannan ne ya sa ake ganin injin da ya tashi da gudu sannan ya yi ta raguwa alhali kyandir na ci. Na huɗu kuma wurin fakewar iska: dogon bututu mai faɗi, ko babban fili a saman makori ko ƙasansa. Duk iskar da ta fake a irin wuraren nan ba ta zuwa wuta ba ta zuwa sanyi, sai dai ta shanye matsin da sauran suka samar. A gajarta bututu, a sa makori ya kusa taɓa sama ya kusa taɓa ƙasa a kowane zuwa.

Mai saurare, in injinka ya tashi, barka, amma yanzu ne aikin ya fara. Ingantawa tana da doka, kuma wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya shimfiɗa ta tun 1824: duk injin da ke aiki da zafi, iyakar abin da zai iya mayarwa ƙarfi ya dogara ne a kan bambancin zafi tsakanin gefensa mai zafi da mai sanyi. In gindi na kan digiri 327 sama na kan 27, injin da ba shi da aibi ko ɗaya rabin zafin kawai zai mayar aiki. In ka bari ruwan sama ya yi zafi ya kai digiri 77, iyakar ta sauko zuwa kashi 42 cikin 100. Wannan lissafin inji ne na cikin littafi, na gwangwani ko kusa bai kai can ba. Amma dokar ta nuna maka inda za ka sa hannu: ka ƙara zafin gindi, ka ƙara sanyin kai, ka hana su haɗuwa.

A nan ne sanin halin ƙarfe ke da amfani. Jan ƙarfe da alminiyam suna wuce da zafi da sauri, don haka sun dace da gefen sanyi, inda ake son zafi ya fice. Ƙarfen nan marar tsatsa, irin na kofin shan ruwa, ya fi alminiyam jinkirin wuce da zafi fiye da sau goma, kuma yana jure wuta, don haka shi ya dace da bangon silinda da gindinta, musamman in siriri ne. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, garwashin gawayi da ake fifitawa ya wuce nan. Dalmar liƙi irin ta masu gyaran rediyo kuwa ba ta kai digiri 200 take narkewa, saboda haka duk mahaɗar da ke kusa da wuta sai dai walda ko matsewa da noti.

Mu da ke ƙasa mai zafi, gefen sanyi ne ke cin mu. Akwai wani nau'in injin nan mai faɗi kamar faranti, wanda ke aiki da ɗan bambancin zafi. Ivo Kolin na Jami'ar Zagreb a Kuroshiya ne ya fara nuna irinsa a 1983, daga baya James Senft a Amurka ya ƙera wanda ke juyi da bambancin rabin digiri kacal. Ku ɗora irinsa a kan kofin shayi mai digiri 87. A ɗakin da ke kan digiri 27, bambanci 60 ne. A watan Afrilu, rana ta take, iska na kan digiri 42, bambancin ya koma 45, rubu'i ya tafi tun ba a fara ba. Amma muna da abin da ke rama mana, wato bushewar iska. Jiƙaƙƙen tsumma a kan injin, iska na kaɗa shi, zai sauke zafin ƙasa da na iskar wurin, ta hanyar da randa ke sanyaya ruwa.

Sai daidaita girma. Ga injin da ke kan harshen wuta, tsohuwar ƙa'idar maƙera ita ce iskar da makori ke korawa ta kai ninki ɗaya da rabi na wadda fistin ke sharewa. Ga na kan kofin shayi kuwa, sai makori ya ninka fistin sau gommai, domin buɗewar iskar kaɗan ce. Wanda ya saka babban fistin a kan ƙaramin zafi yana neman ƙarfi, injinsa ko motsi ba zai yi ba.

Duk wannan gyare-gyare, ta yaya za ka san ka ci gaba? Gudu ba shi ne shaida ba, faifan da ba ya ɗauke da komai dole ya yi gudu. A auna ƙarfi. Ledar ruwan sha mai rabin lita nauyinta rabin kilo ne. Ɗaga ta mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, aikin wat biyar ne, ko kusa da haka ƙwarai. A ɗaura zare a sandar juyi, a rataya nauyin da injin zai iya ja, a duba agogo. In injinka, ta hanyar ɗan kura ko giya, ya ɗaga ledar nan mita ɗaya cikin daƙiƙa 50, ƙarfinsa kashi ɗaya cikin goma na wat ne. Ƙaramar cajar waya wat biyar take bayarwa, wato sai injin ya riƙa ɗaga ledar nan mita guda a kowace daƙiƙa, ba hutawa, kafin ya kamo ta. Ku kuma tuna duk zafin da kyandir ɗaya ke fitarwa bai kai wat 100 ba. Ko da gwangwaninka ya mayar da kashi ɗaya cikin 100 na zafin nan aiki, bai cika wat ɗaya ba. Wanda ya nuna muku kyandir ɗaya yana kunna talabijin, ku nemi inda ya ɓoye batir.

William Beale na Jami'ar Ohio a Amurka, wanda a shekarun 1960 ya ƙirƙiro nau'in injin nan marar sandar juyi, ya bar wa masu ƙira wani lissafi na kintace: ƙarfin inji yana tafiya ne da abu uku, matsin iskar ciki, da girman abin da fistin ke sharewa, da yawan juyi. Bisa wannan lissafi, inji mai kyawun ƙira, wanda gindinsa ya yi ja da wuta, yana aiki da iska a matsinta na yau da kullum, fistinsa na share kashi ɗaya cikin goma na lita, yana juyi 600 a minti, zai ba da wat 15 ne ko kewayen haka. In wat 1000 kake so a wannan matsi, sai fistin mai share kusan lita bakwai. Ƙaramin janaretan shago kuwa fistinsa bai share kashi ɗaya cikin goma na lita ba. Shi ya sa injinan Stirling na masana'anta ake cusa musu iskar hiliyam ko haidurojin da matsi mai tsanani. A nan zan ja kunne: wannan ba aikin gwangwani ba ne, ba kuma na tsakar gida ba. Iska mai matsi in ta haɗu da man shafawa a wuri mai zafi tana iya fashewa.

Manyan kamfanoni ma sun gwada sun ga iyakar abin, kuma labarin ya shafi akwatin da kuke saurarenmu da shi. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya so sayar da rediyo a ƙasashen da ba lantarki, ga shi rediyon lokacin mai cin wuta ne. Sai ya sa injiniyoyinsa suka farfaɗo da injin Stirling. Zuwa 1951 sun gama ƙaramin janareta mai wat wajen 200, mai aiki da kananzir. Guda 150 ko kusa da haka aka ƙera aka tsaya, domin ya yi tsada, sannan ga rediyon tiranzista ya iso, wanda 'yan batura ke isarsa. Irin haka ta sake faruwa a zamaninmu. A 2008 wani babban faifan madubi mai tattara hasken rana a kan injin Stirling, a jihar New Mexico ta Amurka, ya mayar da kashi 31 cikin 100 na hasken zuwa lantarki, abin da ya kafa tarihi a lokacin. Shekara uku bayan haka kamfanin da ya ƙera shi ya durƙushe, saboda farantan sola sun yi arha.

Duk da haka injin bai mutu ba. Jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Suwidin, nau'in Gotland, tun tsakiyar shekarun 1990 suke amfani da shi saboda ba ya ƙara. A 2018 hukumar NASA ta gwada shi haɗe da ƙaramar tukunyar nukiliya a jihar Nevada, da nufin samar da wuta a duniyar wata da Mars. In aka juya aikinsa kuma, wato wani injin lantarki ya riƙa juya shi, sai ya zama injin sanyaya da ke kai abu ga matsanancin sanyi. A ɓangaren talaka ma an taɓa ƙoƙari. A shekarun 1980 an ƙera mai ƙarfin doki biyar a Bangaladash, yana cin ɓuntun shinkafa, ko da yake bai bazu ba. Akwai kuma famfon da Colin West ya ƙirƙiro a Ingila a 1969, wanda ruwa ne da kansa ke zama fistin a cikin bututu, ba sanda ba faifai.

To mu ina ribarmu? A ganina riba biyu ce. Ta farko, ƙananan ayyukan nan da tarihi ya nuna injin ya iya. Mai shayi, mai tuyar ƙosai, mai gashin nama, wutarsu na ci sa'o'i, zafi mai yawa yana tashi a banza. Fankar da ke aiki da wannan zafi, ko 'yar fitila, abu ne da hannun maƙeranmu zai iya kaiwa, musamman irin masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna da takwarorinsu masu injin sassaƙar ƙarfe a sauran garuruwa. Ga kuma ɓuntu da ake tarawa tsibi-tsibi a wuraren casar shinkafa, wanda ya cancanci ɗaliban injiniya su yi tunani a kansa.

Riba ta biyu ta fi ta farko girma, ita ce horo. Injin fetur yana da rarar ƙarfi, ko an yi masa aikin ganin dama zai tashi ya yi hayaƙi ya tafi. Injin iska ba shi da rarar da zai rufa wa mai sakaci asiri. Rata ta yi yawa, ya tsaya. Sanda ta karkace, ya tsaya. Yaron da ya yi fama da shi har ya tashi ya koyi awo, ya koyi haƙuri, ya koyi neman dalili maimakon ɗora wa kayan aiki laifi. Shawarata ga mai ƙira ita ce ya sayi littafin rubutu tun kafin ya sayi almakashi. Ya canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, ya auna, ya rubuta. In ya canza uku a tare injin ya gyaru, bai san wanne ne ya yi maganin ba, gobe kuma ba zai iya koya wa wani ba.

Malaman kimiyya da na makarantun koyon sana'a, ga kira gare ku. In za ku shirya gasa, kada kyauta ta tafi ga injin da ya fi ƙyalli ko ya fi gudu. A ba kowace ƙungiya kyandir iri ɗaya, a rataya nauyi, a riƙe agogo, a kuma duba littafin gwajinsu. Iyaye kuma a sa ido: a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a nisanta fetur, a guji ɗora kwanon rufi mai farin shafe a wuta domin hayaƙinsa na cutarwa, a tuna soson ƙarfe mai laushi yana kama wuta, kuma bakin gwangwanin da aka yanka reza ne.

Duk wanda ya haɗa nasa, muna jiran saƙonsa. Kada ya tsaya a ce mana ya juya. Ya faɗa mana nauyin da ya ɗaga, da tsawon da ya kai shi, da daƙiƙa nawa ya ɗauka, mu karanta wa sauran masu saurare su ga ko akwai mai iya wuce shi.